KAFIN KA AIKI NA'URA KASUWA, A KARANTA MAKA TAKARDAR DA AKA BA TA

Daga Wakilinmu na Arewa

A makon jiya na leƙa Kantin Kwari a nan Kano domin in gai da wani abokina, sai na tarar da ƙaninsa a ƙuryar kanti ya tasa kwamfuta a gaba yana ta tsaki. Shi wannan saurayi shi ne ke riƙe lissafin hajar da maigidansu yake aikawa shagonsa na kasuwar Balogun a Ikko, watau atamfa da shadda da leshi. 'Yan watannin baya wani mai sana'ar kwamfuta ya haɗa musu irin na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira wadda ake kira wakili, wadda ba hira kaɗai take yi ba, har aikenta ake yi ta je ta dubo abu ta kawo amsa. Ranar da na je, Alhaji ya tambaye ta daga can Ikko, ya ce haja kala nawa suke da ita a kundinsu na intanet. Ta amsa masa cikin ladabi, ta ce kala uku: atamfa, shadda da leshi. Alhali kuwa zanen atamfa kaɗai da ke cikin kundin ya haura ɗari. Nan take Alhaji ya bugo waya a fusace yana tambaya wane ne ya goge masa kundi.

Ba wanda ya goge kome. Da muka zauna da saurayin nan muka bi sawun abin, sai muka gano cewa na'urar ba ta yi ƙarya da gangan ba, kuma ba lalacewa ta yi ba. Bayanin da aka rubuta mata game da abin aikin da ta yi amfani da shi layi ɗaya ne tak na Turanci, ma'anarsa: "Yana jero takardun haja na kundi." Shi ke nan. Bisa wannan layi guda ta dogara ta ba mai dukiya amsa. Ni kuwa a ganina laifin yana wuyan wanda ya rubuta layin, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ke nan, domin 'yan'uwanmu mazauna Kudu da yawa sun fara ba da kuɗinsu ana haɗa musu irin wannan na'ura, amma ban ji wanda ya taɓa cewa a karanta masa takardar da na'urar take aiki da ita ba.

Bari mu warware zancen tun daga tushe, saboda wanda bai saba ba. Kundin haja shi ne jerin kayan da ɗan kasuwa yake bajewa a intanet, kowane kaya da sunansa da hotonsa da farashinsa. Mafi yawanmu a WhatsApp muka fara saninsa, tun da kamfanin ya ƙara wannan tsari a manhajarsa ta 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2019. Mai kaya ashirin ko talatin yana iya shigar da su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Amma wanda hajarsa ta kai ɗaruruwa, farashi kuma yana motsi kullum, ba zai iya ba. Saboda haka manyan kamfanoni irin su Google da Meta, masu Facebook da Instagram, suka yarda ɗan kasuwa ya rubuta dukkan hajarsa a takarda guda ta kwamfuta, layi layi, su kuma na'urarsu ta riƙa zuwa tana ɗauka a kan kari. A wajen Meta kana iya cewa a ɗauka kowace sa'a, ko kullum, ko mako mako. A wajen Google kuwa hajar da ta yi kwana 30 ba a sabunta bayaninta ba, faɗuwa take yi daga kundin.

Wannan takarda ita ce zan riƙa kira takardar lodi, gama ba ta da bambanci da webil ɗin da direba yake riƙowa daga Kano zuwa Mil 12. Kowa ya san webil ba shi ne kayan ba. Wanda ya tambayi akawun tasha webil nawa ya shigo yau, aka ce masa uku, bai san ko buhu nawa aka sauke ba tukuna. To, su Alhaji takardar lodi uku suke da ita, sun raɗa wa ɗaya suna atamfa, ɗaya shadda, ɗaya leshi. Na'ura ta ga suna uku, ta ɗauka haja uku ce.

TAGA DA ALLONTA

Yanzu kuma yaya shi wakilin yake kai wa ga kundin? Shi da kansa ba ya iya buɗe kome. Sai an tanadar masa abin da masu sana'ar suke kira kayan aiki, ni kuwa na fi ganinsu kamar tagogin gidan waya na da. Wannan taga ta kan sarki ce, waccan ta fasal oda, waccan kuma ta rajista, kowace da allo a bisanta yana faɗin abin da ake yi a wurin. Wakili yana karanta allunan, ya zaɓi tagar da yake zaton ta dace da saƙon da aka ba shi, ya cika fom ya miƙa, ya karɓi amsa. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fito da wata ƙa'ida mai suna MCP wadda ta daidaita yadda ake gina waɗannan tagogi, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin OpenAI, masu ChatGPT, suka sanar da cewa su ma sun karɓe ta, sa'an nan Google ya biyo baya. Bisa ga wannan ƙa'ida, abin da wakili yake gani game da kowace taga bai wuce sunanta ba, da bayanin da aka rubuta a kanta, da fom ɗin da za a cika, sai 'yan alamomi kaɗan. Ba ya ganin abin da ke bayan taga. Bai taɓa zama a shagon ba, bai san Alhaji ba, bai san atamfa tana da zane fiye da ɗaya ba sai in an gaya masa.

A nan ne ya bambanta da yaron kanti. Yaro sabon zuwa in aka ba shi saƙo bai gane ba, zai sosa ƙeya ya dawo ya tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ita na'ura wani lokaci takan tambaya, amma sau da yawa in bayani ya gaza sai ta cike giɓin da kintace, ta kawo maka amsar da murya mai daɗi kamar ta gani da idonta. Kamfanin Anthropic da kansa, a cikin shawarar da yake ba masu gina tagogi, ya ce cikakken bayani shi ne abin da ya fi kome tasiri a kan aikin, ya kuma ce a rubuta aƙalla jimla uku ko huɗu a kan kowace taga. Ashe ke nan mai layi ɗaya bai ma kai mafi ƙarancin abin da masu na'urar suka nema ba.

Wataƙila mai karatu a Agege ko Sabon Badun ya ce wannan ai zancen 'yan boko ne, shi dai cinikinsa hannu da hannu yake yi. Gaskiya ne a yau. Amma a watan Satumba na 2025 kamfanin OpenAI ya fara gwada sayen kaya kai tsaye daga cikin hira da ChatGPT a ƙasar Amurka, kuma abin da ya nema daga 'yan kasuwa shi ne takardar lodi irin wadda muke zance. Ko wannan gwaji ya ɗore ko bai ɗore ba, alƙiblar ta fito fili: mai saye zai aiki na'urarsa, mai sayarwa ya aiki tasa, su haɗu a kan takarda. Masu shadda da leshi da takalmin fata da turare da kilishi da suke sayarwa ta waya zuwa Fatakwal da Anaca da Aba su ne za a fara yi wa tallar wannan abu, an ma fara.

To, da me za a auna bayanin? Ba sai mutum ya iya kwamfuta ba. Tambayoyin da tsohon dillali zai yi wa sabon yaro su ne dai.

Ta farko, kuma mafi girma: me tagar take bayarwa, me kuma ba ta bayarwa? Rabin farko kowa yana rubuta shi. Rabi na biyu shi ne ake mantawa, shi ne kuwa ya jefa su Alhaji cikin tashin hankali. Da an ƙara cewa "wannan taga takardun lodi take jerowa, ba hajar da ke cikinsu ba, mai neman haja ko farashi ya tafi taga kaza", da zancen ya ƙare. A kundi guda akan sami tagogi masu suna kusan iri ɗaya, wannan tana jero kundaye, wannan takardun lodi, wannan hajar kanta, wannan kuma tarihin shigar takarda. Mutum ma sai ya rikice, balle na'urar da ke zaɓe bisa lafazi. Bayanin da ya maimaita sunan taga kawai da waɗansu kalmomi, kamar a rubuta "shagon ɗinki, ana ɗinki", bai ƙara wa kowa sani ba, kuma irinsa ne na gani a ranar.

Daga nan sai fom. Tagar nan tana neman lambar kundi kafin ta yi aiki. A fom ɗin da na gani an rubuta "lamba" kurum. Lambar me? Ɗan kasuwa guda yana iya kasancewa da lambar asusu, da lambar shafi, da lambar kundi, da lambar kowace takardar lodi, dukansu dogayen alƙaluma masu kama da juna. Bayani nagari zai faɗi wacce ake nufi, ya nuna misalin kamanninta, ya kuma faɗi tagar da ake samo ta in ba a sani ba. In ba haka ba wakili zai cusa wadda ta fi kusa da hannunsa.

Akwai kuma tambayar da na fi so kowane ɗan kasuwa ya riƙe ko da ya manta sauran: wannan taga kallo kawai take yi, ko kuwa tana taɓa kaya? Jero takardu aikin kallo ne, bai kamata ya canza kome ba, amma lalle a rubuta haka ƙarara, domin maƙwabtanta ba haka suke ba. A tsarin Meta, alal misali, akwai hanya biyu ta shigar da takardar lodi. Ɗaya gyara ce, tana sabunta abin da aka ambata ta bar sauran. Ɗaya kuwa musanya ce, duk hajar da ba ta cikin sabuwar takarda sai a share ta. Ka ga in wakili bai san wace taga ce ta kallo, wace ce ta musanya ba, rana ɗaya zai aikata abin nan da Alhaji ya zargi yaransa da shi. Tun gyaran da aka yi wa ƙa'idar MCP a watan Maris na 2025 akwai wurin da maginin taga zai sa alamar cewa ta karatu ce kaɗai, ko kuwa tana iya ɓarna. Sai dai ita ƙa'idar ta yi gargaɗi da bakinta cewa alamar ishara ce kawai, kada a dogara da ita sai an amince da wanda ya sa ta. Saboda haka a nemi alamar, a nemi kuma a ga an faɗa da kalmomi.

Wani abin da ba a cika rubutawa ba shi ne cewa tagogin nan ba sa zubo amsa gaba ɗaya. In jerin ya yi tsawo, shafi shafi suke bayarwa, a ce 25 a shafin farko, sa'an nan wata 'yar alama a ƙarshe mai nuna akwai saura. Wakilin da ba a gaya masa haka ba zai ƙirga shafin farko ya ce iyakarsu ke nan. Haka nan in taga ta dawo da fanko. Fanko yana iya nufin babu takarda ko ɗaya, yana iya nufin an ba da lambar da ba daidai ba, yana kuma iya nufin izinin shiga ya ƙare. Abu uku ne dabam dabam, maganinsu ma dabam, amma a idon na'ura duk shiru ne in ba a bambance mata ba.

MUDUN WA AKE AWO DA SHI?

Zancen ma'auni kuwa ba wanda zai koya wa Bahaushe ɗan kasuwa. Wanda ya saba da tiya a Kano ya sauka Badun ya tarar da kongo, ya wuce Ikko ya tarar ana awo da derika da bokitin fenti, ya san cewa faɗin farashi ba tare da faɗin ma'auni ba rigima ce ake shukawa. Kwandon tumatir a Mil 12 akwai babba akwai ƙarami. Atamfa turmi ake sayarwa, yadi 6, shadda kuwa wani ya nemi yadi, wani ya nemi bandir. Duk wannan muna kiyaye shi a baki, amma da an zo kan kwamfuta sai mu ɗauka na'ura ta sani.

Ba ta sani ba, kuma su kansu kamfanonin ba su daidaita ba. A takardar lodi ta Google ana rubuta farashi da alƙaluma sa'an nan a bi shi da haruffa uku na kuɗin ƙasar, namu NGN. Amma kamfanin Paystack na Ikko, wanda 'yan kasuwa da yawa suke karɓar kuɗi ta hannunsa, shi da kwabo yake lissafi: mai son karɓar Naira 5,000 zai rubuta 500000. Su dai sun kyauta, sun faɗi haka fili a takardarsu. Amma ka ɗauka wani ya gina taga a kan irin wannan tsari bai kwafo wannan jimla ba. Wakili zai gaya wa mai saye farashin da ya ninka gaskiya sau 100, ko kuwa ya karɓi kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kaya, ya ce an biya. Lokaci ma haka ne. Agogon da kwamfutoci suka fi amfani da shi yana bayan na Nijeriya da sa'a ɗaya, in ba a faɗa ba sai takardar da ta shiga bayan tsakar dare ta zama ta jiya.

A nan ne muka gano abin da ya fi amsar farko muni. A cikin abin da tagar ta dawo da shi akwai kwanan wata a gefen kowace takarda, da wata lamba da ba a fassara ba. Da muka nemi mai sana'ar ta waya, sai ya ce ai wannan ranar da takarda ta yi shiga ta ƙarshe ce, lambar kuma tana nufin shigar baya bayan nan ta gaza. Takardar leshi ta kwana 19 ba ta shiga ba. Watau kusan mako uku ke nan kundin yana nuna wa masu saye tsohon farashi, na'urar tana ganin alamar kullum, ba ta ce uffan ba, domin ba wanda ya gaya mata ma'anarta. Wanda ya san yadda farashin kayan waje yake tashi da motsin dala ba sai an lissafa masa asarar ba.

Bayan duk wannan, bayani yana iya yin kyau a takarda amma aikin ya saɓa masa. A ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars. Takardar aikin ta ce a ba da lissafin ƙarfin turawa da ma'aunin mita da kilo, amma ɗaya daga cikin manhajojin ta riƙa bayarwa da ma'aunin Ingilishi na laba, bambancin kuwa ya kusa ninki huɗu da rabi. Kumbon ya sauka ƙasa fiye da kima ya salwanta. Idan masanan da suka ƙera kumbo ya same su, mai haɗa maka taga a kasuwar kwamfuta ta Ikeja bai fi ƙarfinsa ba. Saboda haka bayan an karanta, a gwada: a tambayi na'urar abin da an riga an san amsarsa, a ba ta lambar ƙarya da gangan a ga abin da za ta ce.

Na san abin da masu sana'ar za su amsa mini, kuma ba duka ne zancen banza ba. Za su ce kowace kalma da aka rubuta a allo sai na'urar ta karanta ta duk sa'ad da aka aike ta, kamfanonin kuwa bisa yawan kalmomi suke cajin kuɗi, in tagogin sun kai hamsin kuma kowace da shafi guda, sai wakili ya nutse cikin karatu ya manta saƙo. Wannan gaskiya ne, na kuma yarda cewa surutu ba shi ne bayani ba. Na ga allon da ya cika da kirarin cewa tagar tana da sauri da ƙarfi da sauƙin aiki, amma bai faɗi abin da take dawowa da shi ba. Wannan da mai layi ɗaya duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da nake nema bai wuce jimla biyar ko shida ba, kowace tana toshe wata kafa ta kuskure. Kuɗin karanta su bai kai asarar turmi guda ba.

Za su kuma ce na'urorin yanzu sun yi wayo, suna gane abu ko ba a faɗa ba. To, wayo yana taimako a kan abin da ake iya ganewa da hankali. Amma ma'anar wata lamba da wani ya zaɓa a ɗakinsa ba ta ganuwa da hankali, sai an faɗa. Hasali ma na'ura mai wayo kintacenta ya fi kama da gaskiya, don haka ya fi wuyar kamawa.

Daɗin daɗawa, akwai dalilin tsaro. A watan Afrilu na 2025 waɗansu masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa mugun mutum yana iya ɓoye umurni a cikin bayanin taga, inda mai amfani ba ya dubawa amma na'ura tana karantawa, ya ce mata ta kwaso asirin maigidanta ta aika masa, ita kuwa ta bi. Wanda aka haɗa masa tagar da aka tsinto a intanet, bai sa an karanta masa allonta tun daga farko har ƙarshe ba, cinikin biri a sama ya yi.

In kuwa an yi kuskure, kada wani ya zaci zai fake da na'ura. A watan Fabrairu na 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na ƙasar Kanada ta yanke hukunci a kan kamfanin jiragen sama na Air Canada. Na'urar hira ta kamfanin ta gaya wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa yana iya sayen tikiti tukuna ya nemi rangwamen masu makoki daga baya, alhali dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta, kotu ta ƙi, ta sa ya biya dalar Kanada 812. Kuɗin ba su da yawa, amma hukuncin ya zagaya duniya. A nan gida kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta hana ɗan kasuwa ya nemi kuɗin da ya wuce farashin da ya baje a kan haja. Ban da doka ma, mu da muke zaune a garin wasu jarinmu na farko shi ne a ce Malam ba ya magana biyu. Matar da ta ga farashi a waya ta taso daga Surulere ta zo Balogun aka ce mata ba haka ba ne, ba za ta ce na'ura ta yi kuskure ba, cewa za ta yi Bahaushe ya canza magana.

Shawarata ga wanda za a haɗa wa irin wannan abu ita ce ya riƙe cikon kuɗin aiki har sai an zauna an karanta masa bayanin kowace taga, an kuma juya masa shi da Hausa. In mai sana'ar ya kasa juyawa, ko dai shi bai fahimta ba, ko kuwa babu abin juyawa a ciki. Sa'an nan a kira yaron da ya fi kowa sabunta a shagon, wanda bai san kome game da kundin ba, a karanta masa, a tambaye shi: in na aike ka wannan taga, me za ka kai, me za ka dawo da shi, in an ba ka fanko me za ka ce mini? Duk inda yaron ya tsaya yana inda inda, nan ne na'urar za ta yi kintace. Ina kuma ganin shugabannin ƙungiyoyin kasuwanninmu na Mil 12 da Alaba Rago da Shasha suna iya sa ɗaya daga cikin samarinmu masu ilmin kwamfuta ya riƙa yi wa mambobi wannan duba, kamar yadda ake da mai duba awo.

Mu dai a ranar ba mu tashi ba sai da muka tsara abin da muke so a rubuta, da Hausa tukuna, mai sana'ar ya mayar da shi Turanci. Ga shi kamar yadda muka rubuta: "Wannan taga tana jero takardun lodi na kundi guda, ba hajar da ke cikinsu ba, domin haja ko farashi a tafi tagar haja. Kallo kawai take yi, ba ta canza kome. Tana bukatar lambar kundi, ba lambar asusu ba. Ana samunta a tagar kundaye. Kowace takarda tana zuwa da sunanta, da ranar shigarta ta ƙarshe bisa agogon da ke bayan na Nijeriya da sa'a ɗaya, da alamar ko shigar ta yi nasara. In ta gaza a sanar da maigida ko bai tambaya ba. In akwai alamar saura a ƙarshe, a nemi shafi na gaba kafin a ba da jimilla."

Mai sana'ar ya ce aikin rabin sa'a ne. Bayan la'asar Alhaji ya sake yin tambayarsa ta safe daga Ikko, na'urar ta tafi tagar haja ta kawo masa adadin daidai, ta ƙara da cewa takardar leshi ta kwana 19 ba ta shiga ba, ko yana so a duba. Saura tagogi goma sha ɗaya a kundin nasu da ba a karanta allonsu ba tukuna, Alhaji kuma ya ce cikon kuɗin yana hannunsa sai an gama.